Waken da ƙwari ba su ci ba

Shekara talatin ina sayen wake a kasuwar Kornaka ina ajiyewa a mangaza, ɗakin ajiyata nan Dakoro, amma ban taɓa zaton sana'ar za ta shiga fim ba sai da ɗiyata ta gama karatu a Maradi ta dawo da kamara. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata.

Wani littafin binciken kisa ta mayar fim. Ta ce in ba ta buhun wake goma, in bar mata sauran, wannan aikin 'yan lakwal ne, masu karatun boko. Na ba ta.

Saura sati biyu a nuna shi gaban jama'a ta kunna mana a tsakar gida bayan la'asar. Labarin, an tsare wani mutum a kaso shekara guda bisa zargin kisa, babu shaida. A ƙarshe jandarma ya buɗe ɗakinsa, ya farke buhu, wake ya zubo fari tas, ga wuƙa a ciki. Kowa ya tafa. Ni ban tafa ba.

Na ce, “Uwata, ba shi ya yi kisan ba.”

Ta ce, “Haba Baba, ni fa na karanta littafin.”

“A littafin ina aka ɓoye wuƙar?”

“Akwatin ƙarfe. Na ga buhu ya fi kama da garinmu.”

“To wake a buhun banza, ba leda ba magani, wata uku ƙwari sun mayar da shi gari. Wannan waken bana ne. Wanda ke kaso tun bara ya za a yi ya tura wuƙa cikinsa? Manoman Adjekoria za su zo kallo, dariya za su yi miki.”

Mahaifiyarta ta ce, “Alhaji, yau kuma kai ne kwamishinan 'yan sanda?”

Uwata ba ta yi dariya ba. Ta ce ina za ta samu ruɓaɓɓen wake a sati biyu. Na ɗauko makulli. Akwai buhu ɗaya a ƙuryar mangaza da na yi sakaci da shi bara, kunya ta hana ni fitarwa. Shi na ba ta ta sake ɗaukar wurin.

Ranar nunin, da jandarma ya farke buhun, gari ya tashi, ƙwari suka watse. Wani tsoho a bayana ya ce, “Wallahi wannan ya kwana shekara, an kama shi!”

Uwata ta waiwayo daga gaba tana nemana da ido. Na gyara zaman hulata.