Inuwa Biyu da Na Kai wa Baba

Ina da 'ya'ya uku da aikin gwamnati, kuma ina buga wasan kwamfuta. Wanda abin ya dama, ya sha ruwa. Wasan na tuƙa kumbo ne a sararin samaniya: ka zaɓi tauraro, ka nufe shi, ka sauka a duk duniyar da ka tarar tana zagaya shi. Ba harbi, ba kiɗa, yawo ne kawai. Idan na dawo daga ofis na sauke tukunya, nakan zauna a falonmu na Arkilla in yi tafiyata kafin magariba.

Wata Laraba na sauka a wata duniya mai duwatsu, na fito daga kumbon, sai na ga inuwata biyu a ƙasa. Ɗaya ja, ta yi hagu. Ɗaya shuɗiya, ta yi dama. Na ce shi ke nan, yaran nan sun lalata mini kwamfuta. Har da goge gilashin da bakin mayafi, don wauta. Da na ɗaga kai sama sai ga dalili: rana biyu ce, babba ja kamar garwashi, da ƙarama mai haske shuɗi-shuɗi. Wallahi ban tuna da kowa ba sai Baba.

Mahaifinmu malami ne a Ƙofar Rini. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya yarda da agogo a kan lokacin salla ba. Yakan fito tsakar gida ya tsaya, ya lura da inda inuwar kansa ta ƙare, sannan ya taka ta ƙafa bayan ƙafa yana ƙirgawa. Idan ta ƙara ƙafa bakwai a kan abin da ta rage da tsakar rana, la'asar ta yi. Ya koya wa 'ya'yansa maza wannan awo, da bulala ma. Mu mata ba a kira mu ba. Ni daga ƙofar madafa nake leƙe, ina tankaɗe ina ƙirgawa a zuci.

To a shekarar nan ciwo ya shanye masa ɓarin jiki na hagu. Likita ya ce ƙafar za ta dawo in zai riƙa takawa, in ya ci gaba da kwanciya kuwa ta tafi ke nan. Baba ya ƙi. Ba ya son ɗalibansa su ga yana jan ƙafa. Ya juya fuska ga bango, wata da watanni. Babban yayanmu, wanda yanzu shi ke riƙe da makarantar, ya kafa doka: a gaida Baba daga bakin ƙofa a wuce, kada a dame shi. Muna ji muna gani mutum yana ƙarewa a kan katifa, wai mu ladabi muke yi. Abin yana ci mini rai.

Ranar Asabar bayan azahar na hau keke da kwamfutar a jaka. A zaure na ci karo da Yaya.

"Mi na na cikin jikka?" in ji shi.

"Tambaya ce na kawo ma Baba."

Da ya ga abin da na fiddo, fuskarsa ta canza. "Ke, wanga gida na karatu na, ba gidan kallo ba. Uwar ɗiya ukku da wasan yara! Ba ki jin kunya?"

"Ba ni ji, Yaya."

"In wani abu yas same shi, kada ki sake taka gidan ga."

Na ce na ji, na wuce ta gefensa. Na san Yaya ba ya magana biyu. Amma na riga na gaji da gaida ƙeyar ubana.

Ɗakin yana warin man zafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. Sai na yi yadda ɗalibai ke yi.

"Allah shi gafarta Malam, fatawa gare ni. Ƙasar da rana biyu ka fitowa, kowane mutum da inuwa biyu, da wace za a auna la'asar?"

Ya ce da bango, "Babu wagga ƙasa."

"Kai kak karantar da mu Allah Ubangijin talikai na. Ba ka ce na Sakkwato kaɗai ba."

Yaya daga bakin ƙofa ya daka mini tsawa. Amma katifa ta motsa. Baba ya juyo, da ƙyar, ya dube ni da idon nan da yake yi wa ɗalibi mai taurin kai. Na ajiye kwamfutar a kan matashi. Na gaya masa gaskiya, cewa zane ne, amma masu zanen da lissafi suka yi shi. Ya daɗe yana kallo. Don in nuna na iya, na sa yatsa na ce shuɗiyar inuwar ta shuɗiyar rana ce, jar kuma ta jar.

"Jahila," in ji Baba.

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

"Inuwa wurin da haske bai kai ba na. Inda kit tare jar rana, wa ya rage shi haska wurin? Shuɗiyar. To shuɗiyar inuwa ta jar rana ta. Dubi inda ta kwanta mana!"

Na duba. Kowace inuwa tana kwance ne a kishiyar ɓangaren ranar da ba launinta ba. Kwana uku ina kallon abin nan ban lura ba, shi da ido ɗaya mai kyau ya gano kafin shayi ya huce. Ya sa na matsa da lokaci gaba, muka ga inuwoyin suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi. Har yana cewa in dakata, in koma baya.

Sai ya tsuke baki. "Ke da ba ki iya auna guda ba, mi ya kai ki ga biyu?"

"Na iya."

"Wa ya koya maki?"

"Kai. Daga ƙofar madafa."

"Ƙarya kike."

"To fito ka gani."

Na faɗa ne kawai, bakina ya riga hankalina. Baba ya dube ni, ya dubi ƙofa, sannan ya ce a miƙo masa sandarsa. Yaya ya fara, "Baba, jikinka…" Baba bai ko kalle shi ba.

Daga katifa zuwa tsakar gida taku goma sha wani abu ne. Mun yi su yana rataye a kafaɗata, ƙafar hagu tana jan ƙasa, zufa tana zuba. Sau biyu gwiwarsa ta lanƙwashe, na ce yau na kashe ubana kuma na rasa gidanmu. Innarmu ta fito daga ɗaki ta toshe baki da hannu. Muka zaunar da shi a kan turmi da aka kifa.

Na tsaya a rana zan fara. Baba ya ce in cire takalmi. Na cire. Ya ce ɗaurin ɗankwalina ya ƙara mini ƙafa guda, in sauke shi in yafa mayafi. Na yi. Na lura da inda inuwar kaina ta ƙare, na ɗora diddige a gaban yatsu, ina ƙirgawa da ƙarfi, hawaye suna hana ni ganin ƙasa.

Ina kan ƙafa ta biyar Yaya ya matso ya tsaya a gabana, yana cewa ya isa haka, a mai da Baba ciki. Inuwarsa ta haɗiye tawa, na rasa inda zan taka.

Baba ya ɗaga sandar da hannunsa mai lafiya, ya taɓa ƙafar Yaya da ita.

"Matsa," ya ce. "Ɗiyata na awo."