Zuwa Illela don tada ƙanwata daga tabarma

Ana sallame sallar asuba munka bar Konni, ni da ɗiyata, cikin motar da ke zuwa garin Tawa. Hatsi ya fidda kai hagu da dama, raɓa kwance bisa ganye, har na riƙa ganin kamar motar ce tsaye, gonakin ke tafiya. A Tsarnawa munka sha hura mai tsada kamar da zinariya aka dama ta, motocin simintin Malbaza na wuce mu da nishi.

Ciwon gidanmu ya kama ƙanwata, shi ya tada ni. Shi ya ci babanmu. Tafiya ke fara karkacewa kamar ta mai maye, sannan harshe ya yi nauyi. Likita ya ce mini gado ne, ba iskoki ba, kuma ba ya warkewa, amma motsa jiki na iya taimakon ƙafa ta jima tana ɗaukar mai ita. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ban jin kunyar tambaya. Sai da na sa likitan ya maimaita.

Bayan Illela amalanken jaki ya ɗauke mu zuwa ƙauye. Na yi gyangyaɗi, na ga baba tafe cikin gero, miƙe sambal, bai ko waiwayo ba.

Bisa tabarma na iske ƙanwata. Don tausayi an karɓe mata taɓarya, an karɓe guga, ko buta miƙo mata ake yi. Haka munka yi wa baba muna cewa hutu ne, har ƙafafunsa sunka manta ƙasa.

Da na ce zan fita da ita rijiya, mijinta ya ce, "Yaya, in ta hwaɗi gaban mutane hwa?"

Na ce, "Sai mutanen su tada ta. Ko ado ne su?"

Ta yi dariya da harshenta mai nauyi. "Wayyo yaya, har yanzu bakinki bai mutu ba."

Da la'asar munka kama hanyar rijiya, hannunta bisa kafaɗata. Rana ta yi ja, balbelu na sauka bayan shanu, mu biyu muna tangaɗi kamar masu rawar da babu kiɗa. Ƙanwata ta faɗi cikin rairayi, ta yi hawaye, ta tashi da kanta. A bakin rijiya wata tsohuwa ta miƙa mata igiya ta ce, "Kama, ɗiyata, mun gaji da ja miki."

Na dawo Konni da abu guda: tausayi ma yana gurguntar da mutum. Ciwon ba zai nemi izinina ba, jininmu ɗaya da ƙanwata. Muna shiga zaure na ce wa ɗiyata, "Ran da kinka ga na fara karkacewa, kar ki zaunar da ni. Ki ba ni hannu mu fita."

Ta jima tana kallon ƙafafunta, sannan ta ce, "Inna, gobe da safe ki tada ni mu tafi tare."