Motar Baba da Na Kira Tarkace

Ni mutum ne mai mantuwa, maiɗakina ma ta gaji da biyo ni bakin titi da makullin shago. Amma akwai abu guda da na so ƙwarai a ce mantuwar nan ta tafi da shi, ta ƙi. Shekaru sun shuɗe, furfura ta fara shiga gemuna, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Zancen wata tsohuwar mota ne, da wata amsa da na ba ƙanena ina sauri, kuma na san da shi za a binne ni.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Lakwaya. Asalinmu Fulani ne, ko da yake yaren ya daɗe da barinmu, shanun ma saura kaɗan. Abin da bai bar mu ba shi ne kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya faɗi sunana ba. Da ina yaro "wancan" nake, da na girma na buɗe shagon gyaran injin ban-ruwa a Gwarzo sai na koma "mutumin Gwarzo". In na gaishe shi ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana da ni, ƙanena da ke bi mini yake ba wa, shi ya kawo. Mun saba da haka har ƙanen nawa ya daina cewa "wai in ji Baba". Kowa a gidan ya san in ya tsare ni da wata tambaya da ba irin tasa ba, to daga zaure ta fito.

Baba direba ne a zamaninsa. Malaman dabbobi yake kaiwa rugage suna yi wa shanu allura, a wata jif koriya mai ƙirar akwati, safayarta a kan boneti, bayanta rufe da tamfol. Babu rafin da ba ta tsallaka ba tsakanin Gwarzo da Kabo, damina da rani. Wata rana a wata ruga bijimi ya soki ƙofar direba da ƙaho ya huda ta, Baba ya yanki murfin langa ya like wurin da ƙusa shida. Da ya yi ritaya, motar ma aka yi gwanjonta. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma in aka taɓo motar nan a zaure sai bakinsa ya buɗe, har dariya yake yi. Ni kuwa daga bayan zana nake saurare, domin ina shiga zai yi shiru.

Wata shekara da rani aka kira ni Garo gyaran wani inji. Na gama, na zaga bayan gidan in wanke hannu, sai na ga wata mota a gindin ɗorawa, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da ita akurki. Har zan wuce idona ya sauka a kan ƙofar direba. Murfin langar nan ne, da ƙusoshinsa shida. Na tsaya da sabulu a hannu, kamar na ga wani namu da aka ce ya mutu. Mai gidan ya ce mahaifinsa ne ya saye ta a gwanjo, ya ɗebi gyaɗa da ita shekaru, da ta tsaya aka tura ta nan. Da na ce ina so, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, me za ka yi da wannan gawar? Ko kajin kake so in haɗa maka?"

Na ce gawar kawai nake so. Aka jawo mini ita da tarakta har bayan shagona.

A hanya na gama tsara komai a raina. Zan tayar da ita yadda take a da, in yi mata fenti, ranar Sallah in tuƙo ta har ƙofar zaure, in sauka in ajiye makulli a kan buzun Baba, ba sai na ce komai ba. Abin da na kasa faɗa masa da baki shekara arba'in, motar za ta faɗa. Kuma na yanke ba wanda zai sani sai an gama. Mun taso ana gaya mana abin da bai nuna ba ba a baza shi, kada bakin mutane ya kama shi. Ban da haka na san 'yan'uwana, za su ce mai iyali ya bar cefane yana kiwon ƙarfe, ni kuma ba na jure ba'a.

Na kwance ta gaba ɗaya. Shasi, wato ƙarafan ƙasa da ke ɗauke da motar, da inji na rufe da buhuna a bayan shago. Bodin ne ya zame mini matsala, domin irin waɗannan motocin jikinsu alminiyam ne, ba ya tsatsa, kuma a gari ko cokalin alminiyam ka manta a waje da wuya ka dawo ka same shi. Sai na ɗebi ƙofofi da boneti da sauran jikin na kai ƙauye, na jingina su a garka bayan rumbu. Ina ganin na yi dabara.

Bayan sati biyu na je gida gaisuwa. Na fito zan hau babur, la'asar ta yi, wani mai inji yana jirana a shago, sai ga ƙanena ya biyo ni. Magidanci ne shi ma, shi ke riƙe da gonar gida.

"Yaya, kayan nan na garka, jikin mota ne ko? Gyara ta za a yi?"

Na ji zafin tambayar, na ɗauka shisshigi ne, gobe in ji zancen a majalisa. Ko kallonsa ban yi ba.

"Wace mota? Tarkacen shago ne, na rasa inda zan zuba. Ba su da wani amfani."

Ya ce, "Haka zan faɗa?"

Na ce ya faɗi abin da ya ga dama, na buga babur na tafi. Ni da na shekara arba'in a gidan nan, na ji mutum ya ce "haka zan faɗa", ban tsaya na tambayi kaina wa zai faɗa wa ba. Wannan wautar ita ce ba na yafe wa kaina.

Wata biyar na yi ina fama. Na zama ɗan gida a kasuwar tsofaffin kayan mota a Kano, ina tona ƙarafa ana yi mini dariya. Giyabos na samu a wurin wani da ya mai da shi abin danne rufin kwano. Lagireto sau uku ana like shi yana yoyo. Kafireta, mai shayar da inji mai, ta gagare ni, sai da aka kwatanta mini wani tsohon bakanike a Kabo, hannunsa na rawa amma kunnensa garau, ya zauna da ita kwana biyu. Wata safiya na murɗa makulli, injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Na zauna a kan shasin da babu ko kujera ina hawaye, maƙwabcina mai walda ya zaci hayaƙi ne.

Washegari na ɗauki hayar a-kori-kura na nufi ƙauye ɗebo bodi. An yi ruwan shuka sau biyu. Na zaga garka na tarar an nome ta tas, kuɓewa har ta tsiro, bayan rumbu babu komai. Na shiga cikin gida ina tambaya. Matar ƙanena ce ta fito da fara'arta.

"Yaya, sannu da zuwa. Ai tarkacen nan naka sun yi rana. Zo ka gani."

Ta nuna mini manyan tukwane uku sababbi fil, suna ƙyalli a gefen murhu. Ta ce an kashe maciji a ƙarƙashin kayan, Baba ya ce a kawar da su, sai ga mai zubin tukwane ya biyo ranar kasuwa, aka ba shi ya musanya da waɗannan.

Ban san lokacin da na isa gona ba. Na sami ƙanena da fartanya, na zazzage masa duk abin da ya zo bakina, a gaban 'yan ƙwadago. Na kira shi mai hannun banza, na ce hassada ce. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya share zufa.

"Yaya, na tambaye ka. Har na sake tambayarka. Ka ce ba su da amfani."

Ya kwatanta mini inda mai zubin yake, wajen Kabo. Na bar direban a-kori-kurar ya koma, na ari babur na tafi, ina addu'a ko ƙofa ɗaya in tarar. Na tarar da rumfa, da ramin wuta, da jerin tukwane da ludaya a kan yashi. Mutumin ya gane kayan nan take, har da yabawa.

"Ai Malam, rabon da in samu alminiyam mai kyau irin wannan an daɗe. Tun wancan satin na gama narka shi. In akwai saura a kawo."

Na tambaye shi ƙofa mai faci. Ya ce facin ƙarfe ne ba ya narkewa, ya ɓamɓare shi ya jefar, bai san inda ya faɗa ba. Na tona tokar wurin da hannuna har ya fara tausayina. Ban samu ba.

Da na koma ƙauye an idar da la'asar. Ƙanena ya ce Baba yana kira. Na shiga zaure na tsuguna a bakin ƙofa, ina jiran ƙanen nawa ya zauna tsakaninmu yadda aka saba, sai Baba ya ce masa ya je. Muka rage mu biyu. Idanunsa sun riga sun yi rauni a lokacin, ya juya fuskarsa wajen bango ya fara magana.

"Ranar da aka sauke kayan nan na je na shafa. Hannuna ya sauka a kan langar. Ni na buga ƙusoshin nan, ba zan kasa gane su ba. Na aika a tambaya ko tayar da ita za a yi. Aka ce tarkace ne."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Kullum da safe sai na zaga na dafa ta. Daga baya na ga abin yana hana ni sukuni, a ce ta zo har gidana a yashe, kaji suna hawa. Da maciji ya shiga sai na ce a ɗauke. Ni na ce a ɗauke, ba ɗan'uwanka ba."

Na ce, "Baba, gyara ta nake yi. Taka ce. So na yi sai an gama."

Can ya ce, "Injin yana nan?"

"Yana nan. Jiya ya tashi."

"To, a kawo shi in ji."

Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da ta taɓa shiga tsakanina da mahaifina. Da mai hankali ne, da washegari ya ɗaura benci a kan shasin nan ya tuƙo shi haka tsirara har ƙofar zaure. Ni ban yi ba. Na ce da wace fuska zan ratsa Gwarzo da Lakwaya a kan ƙarafa huɗu da sitiyari, garin da kowa ya riga ya ji an yi tukwane da motata? Na ce bari in samo wani bodin tukuna, ba zai ɗauki lokaci ba. Ƙanena ya zo shago sau biyu, duk da zagin da na yi masa, ya ce ana tambayar injin. Wannan karon na san sarai wanda ke tambaya, amma na ce a ƙara haƙuri, an yi mini alkawarin wani bodi a wajen Katsina.

Baba ya rasu kafin a yanke gero, bayan zazzaɓin kwana huɗu.

Bodin bai samu ba sai bayan shekara guda da rabi. Na haɗa ta, na yi mata koren fenti, na ɗora safaya a kan boneti, na ɗinka tamfol. Duk wanda ya gan ta sai ya tsaya, har wani Alhaji ya aiko daga Kano yana so, na ce ba ta sayarwa ba ce. Na tuƙa ta zuwa ƙauye na tsaya a ƙofar zaure, na bar injin yana aiki, ban san me nake jira ba. Ƙanena ya fito ya zaga ta sau ɗaya, ya leƙo ta taga.

"Yaya, ta yi kyau. Kashe ta haka nan, mai kawai kake ƙonawa."

Na kashe.

Laifina biyu ne. Na farkon, amsar da na ba ƙanena, zan iya cewa kuskure ne, sauri da zafin rai. Na biyun ba ni da abin fakewa, girman kai ne kawai, na fi jin kunyar mutanen bakin titi a kan roƙon mahaifina. Abin da na koya, kuma nake gaya wa 'ya'yana ko ba su tambaya ba, shi ne in kana yi wa tsoho wani abu, kada ka ɓoye masa, kada kuma ka ce sai ya kammala. Kai masa shi rabi da rabi, da dattinsa da komai, ya taɓa, ya ji, ya sa maka albarka. Baba bai nemi fenti ko tamfol ba. Ƙarar inji kawai ya roƙe ni, ina da ita a bayan shago, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, na hana shi.