Sunan Maigida a Asusun Direbobi

A shekarun da maigidana yake jigilar dabino daga Khaibar zuwa Madina, babu wanda ya tilasta wa direba yin inshora. Na hukuma dai ɗaya ne: in kun yi karo, murur, wato 'yan sandan hanya, su kwashe ku duka biyu su kulle, su raba laifi, kuma ba mai fita sai wani ya tsaya masa ya ɗauki nauyin gyara. Saboda haka direbobin unguwarmu ta Harra ta Gabas suka kafa asusu, kowa yana zuba ɗan abu duk wata. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, asusu ya tsaya masa.

Maigidana ya ƙi shiga. Mutumin kirki ne, amma in ana zancen tuƙi, kansa ba ya shiga ƙofa.

"Ni da ban taɓa ko shafar akuya ba, in riƙa ciyar da makafin direbobi? Khalas, ki bar maganar!"

Na bar maganar. Na ci gaba da toya waina ina sayarwa, duk wata kuwa sai in aika wa shugaban asusun kuɗin zubi ta hannun matarsa, da sunan maigida. Tsoro nake ji, gaskiya. Motar nan ita ce abincinmu.

Ran nan da azahar, a tsakiyar kakar dabino, ya zo ya daki wata mota ta baya. Motar a tsaye take, mai ita yana ciki yana cin abinci. Duk da haka maigidana ya rantse wa murur cewa tsayuwar mutumin ce ba daidai ba. Suka ɗora masa laifin gaba ɗaya, suka kulle shi. Ɗanyen dabinon mutane kuma yana bayan mota a cikin rana, in ya kwana biyu sai dai a ba tumaki.

Kafin magariba shugaban asusu ya je ya sa hannu, aka sake shi. Maigida ya shigo gida yana baza riga.

"Kin gani ko, Hajiya? Mutunci ya fi asusu. Ban ba su ko kwabo ba, amma sun zo da ƙafarsu!"

Shugaban, da ya rako shi, ya ce, "Wane mutunci, ya sheikh? Shekara uku sunanka na cikin daftar, littafin asusu. Kai ne ma ba ka taɓa latti ba."

Maigida ya dube shi, ya dube ni, ya dubi tandar waina. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, ga kuma dariya tana cina.

Ana nan har ƙarshen wata ya zo. Ran nan na ɗaga tanda, sai ga kuɗi a ƙarƙashi. Yana daga bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce, "Ki kai musu. Ki ce har yanzu na waina ne."