Furen Bariki a Ƙofar Yaya Mairama

Duk baƙon da ya shigo unguwarmu a Tsohon Birnin Gwari da damina, abin da zai fara gani shi ne jan fure a ƙofar kusan kowane gida. Sai ka ji ya ce, "Kai, mutanen nan akwai son ado!" Ni kuwa in na ji haka sai raina ya ɓaci. Ado? Bari in gaya muku inda furen nan ya fito.

Mairama yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Gajeriyar mace ce mai zafin zuciya kamar ni, sai dai ita ta iya haɗiye nata. Daddawa take yi, kuma daga nan har Kakangi babu matar da ta kai ta. Mijinta Yusha'u shi ke kula da lambun barikin da ma'aikatan gwamnati ke sauka. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ya yanko reshen wani ɗan itace daga can, ya dasa mata a ƙofar gida, jikin zana. Furensa kamar na kuɓewa, amma ja ne wur, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ba a ci, ba a miya da shi. Mutane suka yi ta dariya, wai Yusha'u ya shuka wa awaki abinci.

Itacen bai kai kafaɗa ba sai wani tabo ya fito wa Yusha'u a damtse, ko an soka masa ƙaya ba ya ji. Kuturta ce. Aka kai shi asibitin kutare can wajen Zariya. Da zai hau mota abin da ya ce mata ke nan: "Mairama, ki kula min da furen nan."

Ai kuwa ta kula, har ta wuce gona da iri. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta mai da itacen ɗanta. Kullum da yamma ta kwarara masa ruwa tun daga sama, ta bi ganye tana wankewa. Ba ta yarda a taɓa reshe ko ɗaya, har ya cunkushe, iska ba ta ratsa shi.

Wata damina sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka feso a ganyen, kowanne da rawaya kewaye da shi, ganye ya fara zuba. Maƙwabciyarta Huraira, matar Audi mahauci, ita ta fara gani. Ta dafe ƙirji ta kurma ihu: "Jama'a, cutar gidan ta fito a itace!"

Shi ke nan fa. Matan da ke layi a ƙofarta suka daina sayen daddawa. In ta je rijiya sai kowa ta janye guganta. Ko wuta aka daina ɗiba a gidanta. Tir! Mutanen da suka ci tuwonta ran salla da ran biki. Sai ga mai unguwa Nababa da kansa, ya tsaya daga nesa ya ce ko dai a sare itacen, ko ta tattara ta koma bayan gari, bakin daji.

Na ce mata, "Yaya, ki sare tsiyar nan mana ki huta!"

Ta ce, "Saude, in na sare, na yarda ke nan gidan nan ƙazantacce ne. To ran da aka sallamo maigidan, ina zai sauka?"

Ta tsinki ganye masu tabo ta ƙulle a haɓar zane, muka hau motar katako sai Zariya. Muka tarar da Yusha'u ya yi ƙiba, sai dai yatsu biyu na hannun hagunsa sun gajarce. Ya juya ganyen, ya duba bayansa, sai ya fashe da dariya.

"Mairama, wanka kike yi masa?"

"Kullum, Malam."

"To ai shi ne. Ganyen nan ba ya son ya kwana a jiƙe. Ga ruwan sama, ga naki. Cutar ganye ce kawai, ba ta kama mutum, mutum ma ba ya sa mata."

Ya ce ta tsinke duk mai tabo, ta share waɗanda suka zuba, ta ƙone su, kada ta kai juji. Ta rage rassan tsakiya, ta janye zanar baya kaɗan don iska ta samu hanya. Ruwa kuma da safe, a gindi kawai.

Muka dawo ta yi yadda ya ce. Tana datse rassan tana kuka. Huraira kuwa ta tsaya a ƙofarta ta toshe hanci da mayafi saboda hayaƙin ganyen, har da tari na ƙarya. Wallahi ba don Yaya ta riƙe ni ba, da ranar na nuna mata ni ce Saude.

Sabon ganye ya tofo kore shar, babu ɗigo ko ɗaya. Damina ta sake zagayowa, lafiya lau, fure ya rufe itacen. Mai unguwa ya zo ya ɗaga ganyen da sanda, can kuma ya sa hannu, ya ce, "Lallai ya warke." Masu sayen daddawa suka dawo, ko kunya babu. Yaya ba ta yi wa kowa gori ba. Murna take yi, tana cewa tunda sun ga itace ya warke da idonsu, za su yarda mutum ma yana warkewa. Ni ma, da wautata, na ɗauka haka ne.

Ana cikin yaƙin basasa likita ya sallami Yusha'u, ya ce cutar ta mutu, ba zai sa wa kowa ba. Ya dawo gida. Ran Juma'a ya miƙa wa Audi hannu a ƙofar masallaci, Audi ya cusa nasa cikin riga ya ce, "Sannu da zuwa." A wajen suna aka ware masa kwanonsa can gefe. Ya dawo ya zauna gindin furensa.

Ina gidan ran da Huraira ta yi sallama, baki har kunne. "Mairama, a ɗan sam min reshen furen nan mana, in dasa a ƙofata."

Yaya ta ce, "Ga mai shi nan zaune, ki tambaye shi."

Kayya, da kun ga yadda fuskar bawan Allahn nan ta washe! Tun da ya dawo babu wanda ya nemi wani abu a wajensa. Ya miƙe ya ɗauko wuƙa, ya zagaya itacen ya zaɓi reshe mafi lafiya, ya yanke, ya gyara shi tsaf, ya miƙa mata da hannu biyu.

Huraira ta ja da baya. Ta ce, "Ajiye a ƙasa, Malam, zan ɗauka."

Na buɗe baki, Yaya ta danne min ƙafa. Yusha'u ya ɗan tsaya da reshen a hannu. Sannan ya sunkuya ya ajiye shi a hankali, ya ce, "Ki riƙa zuba masa ruwa a gindi. Kada ki jiƙa ganyen."

Ta sa bakin mayafi ta ɗauka, ta fita tana godiya.

Reshen ya kama. Daga na Huraira kowa ya riƙa yanka, don kada ƙafarsu ta kai su gaban Yusha'u, har unguwa ta cika da ja. Shi kuwa har ya koma ga Allah ban ga namiji ɗaya a unguwar nan ya kama hannunsa ba.

Yaya tana nan, ta tsufa, ta daina daddawa. Kullum da safe takan fito da ƙwarya ta zuba wa nata ruwa a gindi. Tana amsa gaisuwar kowa. Ni dai har gobe ba na gaisawa da Huraira, kuma ko an ba ni kyauta ba na dasa furen nan a ƙofata.