Kyandirin da Aka Karya Biyu

A cocin bakin kasuwarmu wani dattijo yana tsaye gaban tire mai hawa biyu inda ake kafa kyandir, hularsa a hammata. Kwat ɗinsa ta zuwa biki ce, amma ta yi masa yawa, alamar da can ya fi haka jiki. Siririn kyandir ɗaya ne a hannunsa, mafi araha. Ya miƙa shi hawan sama ya fasa, ya sunkuya na ƙasa, nan ma ya fasa.

Radojka mai sayar da kyandir ta gaji da kallonsa. "Baba, sama na masu rai, ƙasa na matattu. Ko ka manta ne?"

"Ban manta ba, 'yata. Hukuma ce har yau ba ta gaya mini ko ɗana na raye ba."

Ban san shi ba, amma garin nan cike yake da irinsa: ɗa ya tafi yaƙi shekara talatin ke nan, ba wasiƙa, ba gawa.

Sai ya karya kyandirin gida biyu, ya tono lagwani da farce, ya kunna, ya kafa rabi sama, rabi ƙasa. Ya yi alamar gicciye.

"Ubangiji, ka yi jinƙai. Kai ka san inda ka ajiye ɗana Vukashin. Ɗauki naka, ni na gaji da canki-canka."

Bai kai ƙofa ba Radojka ta hure guntayen biyu, don masu manyan kyandirori suna jiran wuri. Ta watsa su cikin bokiti ɗaya.