Zaren Inna ya rasa masaƙi

Jiya na tsuguna gaban Baba Sale, tsohon masaƙin ƙauyenmu a bayan Likoro, na zuge wata ledar zare na miƙa masa.

Zaren da Inna ta kaɗa ne da hannunta kafin ta rasu. Na zuba shi a leda mai zif, na matse iskar tsaf don kada asu ko danshi su taɓa shi. Niyyata a saƙa mini gwado. Kullum sai in ce bari a gama aikin gona, tunda zaren ba lalacewa zai yi ba.

Baba ya murza shi a yatsa.

"Wannan kaɗin Hajara ne. Kamar jiya ta kaɗa shi."

"To Baba, yaushe zan dawo karɓa?"

Ya miƙo mini zaren.

"'Yata, idona ya tafi. Masaƙar ma bara aka hura wuta da ita."

Haka na hau mashin na koma Kudan, ina share hawaye da hijabi.

Ban taɓa kawowa a raina masu saƙar ne za su ƙare ba. Don Allah, wa ya san inda mai saƙar hannu ya rage a yankin nan?